Agogon Kamfani a Hannun Inna

Ranar da aka raba mana agogon dariya muka yi ta yi. Baƙar roba ce da ɗan gilashi a tsakiya, ba kyan gani, lokacin ma sai ka danna shi sannan ya ga damar nuna maka. Wani mai farar riga ya tsaya a inuwa yana bayani da Larabci, wani ɗan Agadas da muke aiki tare yana juya mana da Hausa. Wai agogon yana jin bugun zuciyar mutum da zafin jikinsa, yana aika wa likitan kamfani a ofishinsa, don kada rana ta kayar da wani a saman gini ba a sani ba.

A lokacin ina ɗaurin ƙarfe a wani katafaren gini a kan hanyar Jidda, can bayan iyakar Harami, inda baƙin da ba Musulmi ba za su iya zuwa su ga abin da kuɗinsu ke ginawa. An ce wurin binciken magunguna ne da ƙera na'urorin asibiti. Shekarun nan irin wannan aikin ya yi yawa a yankin Makka. Masu zuba jari sun gano cewa garin da duniya ke taruwa a cikinsa da tsofaffinta da marasa lafiyarta ba wurin wasa ba ne. Sukan zo cikin motoci masu sanyi, a sa musu hular kwano sabuwa fil, su ɗaga kai su dube mu, su gyaɗa kai su koma. Agogon ma na ɗaya daga cikin kamfanoninsu ne, a jikinmu ake gwada shi.

Ni kuwa a unguwar Mansur cikin Makka nake kwana, a ɗakin mahaifiyata. Inna ta zo aikin Hajji ne ina ƙarami, bayan rasuwar mahaifinmu, ta bar mu wurin kakarmu a Kano, ba ta koma ba. Ba ta taɓa mallakar takardar zama ba. Waina take soyawa a ƙofar gida tun kafin in yi gemu. Da na girma na nemi aikin gini na zo da iƙamata, wato takardar zama, kowa ya ɗauka neman arziki ya kawo ni, alhali ita na biyo. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma haɗa ido da ni. “Kai” take ce mini, ko ta ce wa maƙwabta “wannan mutumin”. Tun ina yaro abin yana mini zafi, har na girma na gane kunya ce.

Inna ba ta taɓa taka asibiti a Makka ba. A ƙofa ake tambayar iƙama, yanzu har yatsa ake ɗora wa gilashi. Wanda ba shi da takarda za a yi masa magani, amma kowa a unguwarmu ya san abin da ke biyo baya: tarhil, wato a sa ka a jirgi a mayar da kai ƙasarku. Saboda haka asibitin Inna a ƙarƙashin gadonta yake, jarkar zamzam, habbatus sauda, man zafi, da wasu ƙwayoyi da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Damagaram, ke karɓo mata a kyamis.

Na jima ina lura da ita. Tana cikin juya waina sai ta tsaya cak, ta dafa ƙirji, ta yi shiru kamar mai sauraren sallama daga waje. Hawan tudun gidanmu kuwa sai ta zauna a hanya tana haki. In na yi magana ta ce, “Tsufa ne, ko kai ma yana nan tafe.” Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Wata Juma'a, ranar hutunmu, ina zaune ina kallon agogon nan a hannuna sai dabara ta faɗo mini. Ga likita a wuyan hannuna, ga marar lafiya a gabana, me ya rage? Na ɗauka a wurin aiki kaɗai yake kai tsegumi, in an zo gida ni da shi ne. Na ce, “Inna, kawo hannunki in ɗaura miki wani abu.”

Ta miƙo hannun tana kallon bango. “Wannan kuma layar wane malami ce?”

“Ta Nasara ce. Zuciya take ji.”

“To ta ji da kyau, ta gaya maka ba a yi mini cefanen kirki a gidan nan.”

Na danna, lamba ta fito, ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Ban san ma'anarta ba, amma na ji daɗi, gani nake kamar na kai ta asibiti ne ba tare da kowa ya gan ta ba. Daga nan ya zama al'ada. Duk Juma'a agogon na wuni a hannun Inna, tana suya da shi, tana jan carbi da shi, da yamma in goge man gyaɗan da ya taɓa in mayar hannuna.

Ba a daɗe ba mudir ɗinmu, wato shugaban aikinmu, ya kira ni daga saman gini ya ce likita na nemana.  Mun sha ganin wanda aka kira irin wannan kiran, aka ce jikinsa bai dace da aiki ba, aka soke masa iƙama. Ina saukowa ina tunanin wa zai hau wa Inna da buhun shinkafa tudun nan idan aka kore ni.

Likitan dattijo ne ɗan Sudan, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ya kwantar da ni, ya manna mini wayoyi a ƙirji, ya duba, ya sa na yi tsalle, ya sake dubawa. Sannan ya cire tabarau ya zuba mini ido.

“Zuciyarka lafiya lau take,” in ji shi. “Daga Asabar zuwa Alhamis ta saurayi ce. Ranar Juma'a kuwa ta tsoho ce, tsohon da ba shi da lafiya.”

Na sunkuyar da kai. 

“Ban tambaye ka ko waye ba, kuma ba na so ka gaya mini. Amma ka saurare ni. Zuciyar nan ba ta bugawa a kan tsari. Irinta takan sa jini ya daskare, ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye ko mutum ya tafi gaba ɗaya. Akwai magani, sai dai ba a ba da shi a makance, sai an ga mutum an gwada jininsa. In ka ga baki ya karkace ko hannu ya saki, kada ka tsaya jiran komai.”

Ya ce kada in ƙara ɗaura wa kowa agogon, in koma bakin aikina. Na fito da aikina a hannu, amma wallahi da korata ya yi da ta fi mini sauƙi.

Da yamma na sami Inna tana wanke tanda. Na zauna a dokin ƙofa na kwashe duk yadda aka yi na gaya mata. Ba ta ɗago ba har na gama.

“Ashe layar taka munafuka ce,” ta ce. Ta ɗauraye hannu, ta shiga ɗaki, ta jawo akwatinta ta fito da wani ƙunshi. Farin yadi ne a ninke, yana ƙamshin turare. “Ka san wannan?”

Na san shi. Likkafaninta ne, ta wanke shi da zamzam tun shekarun baya.

“Na bar garinmu. Na bar ku kuna ƙanana, kuma kada ka ɗauka ban san abin da na yi ba. Na yi gudun 'yan kame, na kwana a bayan tankin ruwa. Duk abu ɗaya nake nema, in lokacina ya yi a shiga da ni Harami a yi mini salla, a rufe ni a ƙasar nan. Yanzu da na kusa, sai ka ce in je in miƙa musu yatsana?”

“Inna, magani ne fa kawai.”

“Maganin da zai kai ni jirgi. Kai, ka ji ni da kyau. Ko faɗuwa na yi a gabanka, kada ka kira motarsu.”

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Ita ta ɗauki shirun nawa a matsayin alkawari, ta mayar da ƙunshin ta rufe akwati.

Watannin da suka biyo baya ban san daɗin komai ba. Da asuba ba na tashi sai na kasa kunne na ji motsin butarta. In ina saman gini wayata ta yi ƙara, gabana ya yanke ya faɗi, har agogon ya fara kai ƙarata ni kaina. Na bi kyamis-kyamis ina kwatanta ciwon, kowa ya ce a kawo ta. Na yi fushi da ita, na yi fushi da likitan da ya gaya mini, na fi fushi da ginin da nake ɗaure wa ƙarfe. Ga shi kullum yana tashi sama, an ce cikinsa za a haɗa abin da zai ceci zukatan mutanen duniya, ni kuma da hannuna nake gina shi, amma tsohuwata ba ta isa ta leƙa ko ƙofar irinsa ba. In na dawo na tarar da ita tana raha da masu sayen waina, sai in tsaya daga nesa ina duban bakinta, ko ya karkace.

A wata Juma'ar abin ya faru, da hantsi. Tana zuba ƙullu a tanda ludayin ya suɓuce ya faɗi. Ta sa hannu za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, na ga gefen bakinta ya zube. Na tare ta kafin ta kai ƙasa. Tana son magana, harshe ya ƙi juyawa. Sai ta sa hannun da ke da lafiya ta damƙe wuyan hannuna, daidai inda agogon yake, ta riƙe gam. Na san abin da take cewa.

Tsohuwar nan 'yar Damagaram ta fito da gudu tana salati. “Ɗauko zamzam, ɗana! Ka bar ta, ta riga ta faɗa mana. Kada ka ɓata mata abin da ta daɗe tana jira.”

Wainar da ke tanda ta fara ƙauri. Wayata na aljihun dama, hannun da Inna ta riƙe ke nan. Tun da na yi wayo ban san ranar da ta riƙe hannuna ba sai ranar. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na zaro wayar na kira.

Motar asibiti ba ta iya hawa lungunmu, a baya na goyo ta zuwa titi. Kafin in sauko lungun ya zama wayam, masu talla sun kwashe kayansu, an rurrufe ƙofofi. Ba wanda ya raka mu, kuma ban ga laifin kowa ba.

Gaskiya sun yi mata aiki. An shigar da ita cikin wata na'ura, an ɗaura mata ruwa, likitoci na ta kai da kawo, aka ce na kawo ta a kan lokaci. Ina tsaye wata ma'aikaciya ta zo da ɗan gilashin nan, ta ɗaga babban yatsan Inna a hankali ta ɗora. Inna idonta biyu, tana kallo.

Bayan kwanaki bakinta ya buɗe. Ina zaune a gefen gado ina ɓare mata lemo sai na ji an kira sunana. Na waiga in ga ko wani ne ya shigo. Ita ce. Sunana na yanka, cikakke, karo na farko daga bakinta.

“Na'am, Inna.”

“Me na yi maka?”

Na ci gaba da ɓare lemon. Da ta iya takawa da sanda aka yi abin da kowa ya san za a yi, tarhil. Na haɗa mata akwati, na sa ƙunshin nan a ciki, ta fitar da shi ta ajiye a kan gado ta ce ba ta ga amfaninsa a can ba.

Yanzu tana Kano wurin ƙanwata, tana shan maganinta, tana jan ƙafa ɗaya. An gama ginin namu, an buɗe shi, an mayar da mu wani. Takan ɗauki wayata, ta amsa gaisuwa, ta tambayi maƙwabta, ta koma ce mini “kai”. Ranar nan na kira ta daga farfajiyar Harami bayan la'asar, muna cikin magana aka yi shelar sallar gawa. Na san ta ji. Na so in rufe bakin wayar, na makara.

“An kawo wasu ke nan,” ta ce.

“E, Inna.”

“To je ka yi musu sallar, kai da kake can.”

Ta kashe wayar. Na shiga sahu na ɗaga hannu na yi kabbara.