Wasiƙar Maƙerin Birchi

Har na kai shekara ashirin da haihuwa, na yi imani cewa abin da ya ɗaukaka mai gabatar da shirin gaishe-gaishen nan na rediyo shi ne iya magana. A ganina Allah ya ba shi murya, makaranta ta ba shi tsari, shi ke nan sirrinsa. Na kuma yi imani cewa aikin wanda ya yi karatu shi ne ya karɓi maganar wanda bai yi ba, ya wanke ta, ya goge ta, sa'an nan ya fitar da ita gaban jama'a.

Na fara jin muryarsa a Dutsin-Ma, tun kafin a sami mulkin kai, a ɗakin karatun gari inda aka ajiye wani akwatin rediyo mai katako da batirinsa kamar tubali. A lokacin labaru yake karantawa, a ɗaure, kamar mai tafiya cikin sabon takalmi. Sai da aka ba shi shirin gaishe-gaishe ya saki jiki. Mutum zai aika wasiƙa daga ƙauyensu, shi kuwa ya karanta ta da la'asar, ranar da aka ware, ƙasa duka tana ji. Ba ya kuskuren sunan gari. In ya ce Kuki ko Ɗantutture, sai ka rantse can aka yanke cibiyarsa. In tari ya kama shi, sai ya ce a gafarce shi, ya kurɓi ruwa muna jin ƙarar kofin. Mata sukan tsayar da daka idan ya fara. Na san wani mai tireda da ya raɗa wa jakinsa laƙabin mutumin, ba don raini ba, sai don jakin, in ji shi, ba ya wuce kowa bai tsaya ba.

'Yan shekaru bayan mulkin kai aka turo ni Birchi, ta ƙasar Kurfi, in koyar a makarantar firamare. Rediyo ɗaya ne a garin da ake iya dogara da shi, na wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda kan fito da shi ƙofar shagonsa ya ɗora bisa buhun dawa. Da mutane suka gane ina da alƙalami da rubutu mai kyau, sai na zama marubucin wasiƙun rediyo na garin. Na ji daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya kamata. Mutum zai zo ya zayyana gaisuwarsa, ni kuma in rage nan, in ƙara can, in sa kalmomin da nake zaton za su burge mai karantawa. A zuciyata, da shi nake magana, malami da malami, masu wasiƙun kuwa hanya ce kawai.

Wata rana da bazara, bayan an tashi daga makaranta, maƙerin garin ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Kowa ya san labarinsa ko da yake ba mai tayar da shi a gabansa. Ɗansa na fari, wanda ke yi masa zuga tun yana ƙarami, ya bar wani ƙarfe ya ƙone a wuta, uban ya yi masa faɗa gaban masu kawo gyara, washegari aka nemi saurayin aka rasa. Shekara uku ke nan. An dai ji ƙishin-ƙishin yana wajen haƙar kuza a ƙasar Jos.

Ya ƙi zama bisa kujera, ya tsuguna bakin ƙofa.

"Malam, takarda nika so a yi mani, ta wurin mutumen akwati."

"To, Baba. Wa za a gaisar?"

"A gaida mutanen Birchi da ke wajen kuza. Manya da yara."

"Shi ke nan?"

"A ce masu bazara ta zo. Manoma sun tara mani garemani. Akwai gawayi, akwai ƙarhe. Hannun zuga ne babu."

"Baba, ai ba a ambaci kowa ba. Wa zai san da shi ake?"

"Wanda aka yi dominshi ya sani."

Na dube shi da tausayi irin na wanda yake ganin ya fi sani. Na ce a raina, wannan bawan Allah zai ɓata kan sarki a banza. Sai na duƙufa na rubuta abin da nake ganin yana cikin zuciyarsa. Na sa cikakken sunan ɗan har sau uku. Na rubuta cewa mahaifinsa ya yi nadama, ba ya barci, yana zubar da hawaye, yana roƙonsa ya yafe masa ya dawo gida. Gaisuwar mutanen Birchi da maganar garemani da zuga kuwa na jefa su can ƙarshe, a layi biyu, don kada a ce na yar da su.

"Karanta mani in ji," in ji shi.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Na riƙe takardar a gabana, na maimaita masa kalmominsa da ka, ban karanta ko layi ɗaya na abin da na rubuta ba. Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka, ya tafi. Da safe na ba wani mai zuwa Dutsin-Ma ya jefa ta a gidan waya.

Bayan kwana biyu na nuna wa hedimasta kwafin da na ajiye, ina jiran yabo. Mutumin Kurfi ne, ya kusa ajiye aiki, yana da ɗabi'ar cire tabarau in zai faɗi magana mai nauyi. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Malam ƙarami, kai ne ɗan fari a gidanku?"

"A'a, ranka ya daɗe, ni ne na uku."

"Ka taɓa jin mahaifinka ya kira yayanku da sunansa?"

Ban taɓa ji ba. "Wancan" yake ce masa, ko "yaron nan", ko ya aiki ɗayanmu ya kira shi. Ko ranar da yayan namu ya kwanta ciwo har aka fid da rai, mahaifinmu a zaure ya wuni, yana tambayar masu fitowa ko an ba akuya ruwa. Na san wannan kunya ta ɗan fari tun ina rarrafe. Ban dai taɓa zaton ta shafi abin da ake rubutawa a takarda ba.

"To, ka sa dattijo ya kira ɗan farinsa da suna, sau uku, a kunnen duniya," in ji hedimasta. "Ka sa shi kuka a kasuwa. Ka sa shi ya durƙusa wa ɗan cikinsa. Bayan an karanta wannan, da wane ido zai zauna a maƙera? Kuma shi yaron, da wane ido zai shigo garin da aka ce ubansa ya roƙe shi?"

Ban tsaya neman izini ba. Na ari kekensa na kama hanyar Dutsin-Ma cikin zafin bazara, ina tafe ina tsara yadda zan roƙi ma'aikacin gidan waya. Na same shi yana cin gyaɗa a bayan kanta. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce jakar ta bi motar Katsina tun jiya.

"Ko da tana nan ma, Malam, abin da ya shiga akwati ya zama na gwamnati. Wasiƙar budurwa ce?"

Na ce a'a.

"Duk haka kuke cewa."

Na rubuta wata wasiƙar a tsaye, ina roƙon kada a karanta ta farko, amma na san waccan ta riga ta yi gaba, kuma wasiƙu a wurin mai shirin buhu-buhu ne. Na yi tunanin in je in gaya wa maƙerin gaskiya. Sau biyu ina isa bakin maƙera, in gan shi yana zuga da hannu ɗaya yana juya ƙarfe da ɗayan, in gaishe shi in wuce. Ina so in ce tausayinsa ne ya hana ni. Da na ƙara shekaru na gane tsoro ne kawai.

Mako na farko ba a karanta ba. Mako na biyu ma haka. A na uku, bayan sallar la'asar, muka taru a ƙofar shagon Alhaji kamar kullum. Maƙerin, wanda ba ya zuwa sauraron rediyo, yana zuwa tun da aka aika wasiƙar, ya zauna can gefe bisa wani turmi da aka kife.

"Alhaji, ƙara mashi murya, yau kamar bai ci tuwo ba," in ji wani mahauci.

"Batir ɗin ubanka ne? Matso da kunnenka."

Aka yi dariya. Aka gaida wasu a Kurfi, aka gaida wata amarya, aka gaida masu jiran motar da ta lalace. Sai muryar ta ce, "To, ga wata daga Birchi, ta ƙasar Kurfi."

Na ji ƙarar takarda yana buɗewa. Sai ya yi shiru. Mai yiwuwa shirun bai wuce na numfashi uku ba, amma ni na ji kamar an ɗauke rana. Alhaji har ya kai hannu zai bugi akwatin.

"Kai, wannan rubutu kamar an buga da inji," in ji mai shirin. "Malamin da ya rubuta, Allah ya ƙara basira. Saƙon kuwa na maƙerin Birchi ne. Yana gaida mutanen garinsu da ke wajen haƙar kuza, manya da yara. Ya ce bazara ta zo, manoma sun tara masa garemani, ga gawayi ga ƙarfe, hannun zuga ne babu. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Iyakar maganar dattijo ke nan, jama'a. Sauran tawada ce."

Ya wuce zuwa wasiƙa ta gaba.

Mutane suka juya suna yi wa maƙerin barka, wai sunansa ya shiga akwati. Mahaucin ya ce shi ma a rubuta a ce wuƙarsa ta dakushe. Ba wanda ya ce uffan game da wanda ake nufi, ko da yake babu wanda bai gane ba. Dattijon ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

"Wanga mutum ya iya karatu," in ji shi. "Haka na ce."

Hanyarmu ɗaya, don haka muka jera. Sai da muka kusa maƙera ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Malam, tawadar nan da ya ce, da yawa ce?"

"Da ɗan yawa, Baba."

"To, a riƙa tsimi. Na ji an ce tsada gare ta."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Na sha tambayar kaina yadda mutumin ya gane. Bai san maƙerin ba, bai san ni ba, ga shi a gaban na'ura, lokaci na tafiya. Cikin numfashi uku ya rarrabe muryar dattijo daga ta yaro ɗan makaranta, ya tsinto layi biyu daga ƙarƙashin shafi guda, ya kuma ja mini kunne ta yadda ni kaɗai da mai wasiƙar muka ji zafin. Ban sani ba ko wasiƙata ta biyu ta isa gare shi. Shirun da ya yi ya sa nake zaton ba ta isa ba. Bayan wasu shekaru, ina jami'a, na fara ganinsa a talabijin a ɗakin hutun ɗalibai: gajere ne, mai wushirya, hularsa ta ɗan yi masa yawa. Abokaina suka ce muryar ta fi mai ita. Ni kuwa abin da na lura da shi shi ne, in baƙonsa na magana, yakan karkata kai ya manta da na'urar ɗaukar hoto gaba ɗaya, har sai an yi masa alama. Ban taɓa haɗuwa da shi ba, ban kuma rubuta na gode masa ba, abin da nake ɗora wa kaina laifinsa.

Akwai kuma tambayar da ban iya amsawa ba. Da an karanta tawa yadda na rubuta, watakila saurayin ya dawo da wuri, don ba ƙarya na yi game da zuciyar uban ba. Amma ba ni aka ba ajiyar wannan zuciya ba, kuma mai ita ya riga ya auna iyakar abin da zai iya fitarwa.

Ɗan ya dawo bayan an yi ruwan shuka. Waɗanda ke maƙera a ranar sun ce ya yi sallama, uban ya amsa bai ɗaga kai ba, ya dai matsa daga wurin zugazugi, saurayin ya ajiye ƙunshinsa ya zauna ya kama.

Na ƙara shekara biyu a Birchi ina rubuta wa mutane wasiƙun rediyo. Daga wannan bazara, duk wadda na rubuta, sai na miƙa wa wani mai karatu dabam ya karanta wa mai ita a gabana kafin in liƙe ambulan.