Akwatin Zuwaina Mai Ɗaukar Biki

A garin Sohar, idan biki ya kai zauren mata, aka karɓe wayoyi aka rufe ƙofa, mutum ɗaya ake bari ta shiga da kyamara: Zuwaina. Akwai 'yan matan da suka fi ta iya ɗauka, amma ita shekara da shekaru ba a taɓa jin gashin matar wani ya fita ta hannunta ba. Ba ta ɗora komai a intanet, ba ta ba namiji aikinta ya tace. Duk rawar da matan gari suka taka ba mayafi tana cikin wani baƙin akwatin ajiyar bidiyo a ɗakinta, mai faifai biyu. Abin da ɗaya ya haɗiya ɗayan zai kwafa, don in wannan ya mutu wancan ya riƙe amana.

Kowace Juma'a da hantsi takan buɗe kwamfuta ta duba lafiyarsu, ta ga kore nan kore can, sannan hankalinta ya kwanta.

"Da hawan jinina kike dubawa haka, ai da na shekara ɗari," in ji mahaifiyarta, Inna Badriya.

Bayan Sallah bukukuwa suka yi mata rubdugu, Juma'a ta riƙa wucewa ba ta duba ba. A cikinsu har da bikin Shamsa, inda uwar amarya, Moza, wadda ko maƙwabta ba su san fuskarta ba, ta cire lulluɓi ta shiga fili. Ba a yi wata ba Moza ta rasu. Da Zuwaina ta je gaisuwa, Shamsa ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, ba ni da hotonta sai na katin shaida. Ki kula min da bidiyon nan." Duk sauran masu biki sun karɓi nasu, na Shamsa kaɗai ya rage ba a tace ba, katin kyamarar kuma tuni an ɗauki wasu bukukuwan a kansa.

Ranar da ta zauna za ta fara aikin, sai ta ji ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin katako. Ta waiga. An lulluɓe akwatin ruf da wani ƙyalle mai kauri mai surfani, ga kaskon turare a gefensa.

"Inna, wa ya rufe wannan?"

"Ni mana. Talabijin na da mayafinta, keken ɗinki na da nasa, shi ne zai zauna tsirara ƙura na cin sa? Har turaren lubban nake masa, warin ƙonanniyar roba yake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun Sallah. Ke da ba kya zama a gida."

Ta yaye ƙyallen, ƙarfen ya ɗau zafi har ya ƙona mata yatsu. Ta buɗe shafin lafiyar. Faifai na farko ja, ya riga ya mutu. Na biyu rawaya, kuma adadin wuraren da suka lalace a jikinsa yana ƙaruwa tana kallo. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta ja bikin Shamsa za ta kwafe, layin da ke nuna kwafin ya ɗan matsa, ya tsaya cik. Ta sake. Ƙas, ƙas.

Ta kira Hilal, mai gyaran kwamfuta a kasuwa.

"Kashe shi yanzu, kina ƙara masa ciwo," ya ce. "Kawo in aika birnin Maskat, yaran can za su ceto mafi yawa."

"Za su buɗe su gani?"

"'Yar'uwa, kin taɓa ganin likitan da ya yi tiyata ido rufe?"

"Babu mace a cikinsu?"

"In kin samo ta, ni ma zan ba ta aiki."

Ta kashe akwatin. Ta dubi Inna. Tsohuwar da ta yi don kyautatawa, me za a ce mata? Laifin dai na wadda ta daina dubawa ne. Da la'asar ta tafi gidan Shamsa. Aka kawo gahawa da alewar halwa, ta kasa taɓawa. Ta faɗi komai, har da maganar Maskat, ta ce zaɓi na Shamsa ne.

Shamsa ta daɗe tana juya ɗan kofin a hannunta.

"Ta yi rayuwarta duka wani namiji bai ga kanta ba," ta ce a hankali. "Ba zan buɗe ta yanzu da ba ta iya cewa a'a ba. Ki bar shi."

Zuwaina ta fashe da kuka. Shamsa ce ma ta dafa ta.

"Ni ranar ina kan kujerar amarya, kaina a sunkuye, ban ga komai ba. Ke ce kika kalle ta. Yaya, ta iya rawar kuwa?"

Zuwaina ta share ido, ta gyara zama, ta fara daga lokacin da Moza ta cire takalmanta.