Motar da ta koyi fito

A shekarun matsin tattalin arziki da muke kira kiriz, ofishinmu ya rufe, sai yayana ya ba ni tsohuwar motarsa mai shan gazuwal, wato dizal, a-kori-kura, ina ɗaukar wa 'yan kasuwar Mokolo buhunan albasa. Lafiyarta lau a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma Yaoundé gari ne na tuddai. Da ta fuskanci hawan Tsinga da kaya sai ta kama nishi, masu tafiya a ƙasa suna wuce mu.

Bakaniken layinmu a unguwar Briqueterie mutumin Garoua ne, garejinsa na bayan rumfar mahauta. Wata safiya ya nuna mini wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wanda ya ciro daga wata mota da ta yi haɗari.

"Wannan turbo ne, Malam. Hayaƙin da injin ke fitarwa shi ke juya shi, shi kuma ya cusa iska cikin injin. Iska da yawa, wuta da yawa."

"Ka taɓa ɗaura shi a irin wannan motar?"

"Ban taɓa ba. Nima so nake in gani."

Yaya ya yarda, muka ɗaura. Ranar da na fara hawan tudun, sai na ji wani siririn fito daga ƙarƙashin kapo, murfin injin, motar kuwa ta haye kamar an sauke mata kaya. Na kashe rediyo don in saurara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk iskar nan da ake dannawa, me ke riƙe ta a ciki?

Bakaniken ma bai natsu ba. Akwai wani ɗan noti da ke ƙara matsin iskar, kullum na biyo sai mu murɗa shi kaɗan, in je in gwada, in dawo in ba shi labari. Har wata rana da azahar allurar zafi ta haura, farin hayaƙi ya turnuƙe bayana. Na tsaya a bakin hanya. Ruwan radiyeta na ɓulɓula, man injin ya koma kalar shayi da madara.

Da aka ja ta gareji bakaniken ya buɗe kan injin, ya zaro wani falle mai ramuka huɗu, kaurinsa bai kai na kwali ba.

"Juwan-kilas ke nan. 'Yan Najeriya gasket suke ce masa."

Na ɗaga shi a rana. Tsakanin ramuka biyu ya ƙone, ɗan gurbi kamar ɓera ya gutsira. Ta nan wutar ta sami hanya ta shiga wurin ruwa.

"Wannan ɗan abin ne ke tare duk ƙarfin?"

"Shi da notunan da suka danne shi. Da injin ya zo da turbo tun daga kamfani, da an yi masa ɗaki mai faɗi a ciki. Namu ɗakin ƙarami ne, muka yi ta tura masa baƙi."

Ya sa aka goge kan injin, ya samo juwan mai kauri, ya ɗaure notunan bi da bi daga tsakiya, muka rage matsin. Yaya ya zo ya duba, ya ce kada wanda ya sake taɓa komai, mu biyun muka ce to. Da yamma na kai albasar da ta kwana biyu tana jira, mai ita ta tsince ruɓaɓɓun a gabana tana mita da Fulatanci.