Ruwan Gishiri a Agogon Gleb

Waɗanda suka saba bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kursk a Mosko a shekarun baya sun san Taisiya Yefimovna, ko da ba su san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan da ke zaune cikin ɗan akurkin shago, tsakanin mai sayar da furanni da mai yankan makulli, tana canza wa mutane batirin agogo. Ba ta da yawan magana. Cikin masu miƙo mata agogunan roba ta taga, da wuya a sami wanda ya san cewa waɗannan yatsun sun taɓa saita agogunan da suka fita daga duniya suka dawo.

A wani ƙauye kusa da Kaluga aka haife ta. Yaƙi ya ci mahaifinsu, zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyar a hunturun da ya biyo baya, aka bar ta da ƙaninta Gleb, wanda a lokacin ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba. Da ta ɗan tasa sai ta kamo hannunsa suka shigo Mosko, ta sami aiki a wata masana'antar agogo. Gado ɗaya aka ba ta a ɗakin kwanan 'yan mata, ta rataya labule ta ɓoye yaron a bayansa, sauran 'yan matan suka yi kamar ba su gani ba, har suna rage masa ɓawon burodi.

Da wanke-wanken ƙananan ƙarafa ta fara, daga nan ta koma haɗawa. Allah ya ba ta kunne. Idan ta kara agogo a kunnenta, takan faɗi ko yana sauri ko yana jan ƙafa tun kafin a ɗora shi a na'ura. Saboda haka aka hau da ita bene na ƙarshe, wani ɗaki mai soja a bakin ƙofa, inda ba a shafa hoda, ba a fesa turare, ba a kuma tambayar wa ake yi wa aiki. Agogunan ɗakin na ƙarfe ne masu nauyi, wasu da madauri dogo ƙwarai.

"Wannan madaurin na hannun mutum ne ko na cinyar doki?" in ji Klava, ƙawarta da ke teburin gefe.

"Ke dai ja bakinki ki yi shiru," in ji Savely Kuzmich, shugaban ɗakin. "Wata rana bakin nan naki zai kai mu inda rana ba ta fitowa."

Sai ranar da aka yi shelar cewa mutum ya shiga kumbo ya kewaya duniya, gari ya fito titi ana rungumar juna, sannan suka gane. A kan hannun rigar 'yan sama jannati ake ɗaura agogon, shi ya sa madaurin ya yi tsawo.

A lokacin Taisiya ta yi aure da Matvei, direban bas, sun haifi 'ya mace, Lida. Gleb kuwa ya zama matuƙin jirgin saman yaƙi a can arewa, sai a shekara ba a gan shi ba. Kwatsam sai ya fara zuwa duk Lahadi. Ya ce an dawo da shi kusa, an ba shi aikin ofis.

Wata Lahadi yana zaune a kicin, ya naɗe hannun riga yana shan miyar kabeji.

"Yaya, har yanzu miyarki kabeji ne ke korar nama a tukunya."

"To ka yi aure mana, matarka ta cika maka tukunya da nama. Ƙato da kai, kullum kana gidan mutane da cokali a aljihu."

Tana faɗin haka idonta ya sauka kan hannunsa. Ta ajiye ludayi.

"Miƙo agogon nan."

"Na gwamnati ne, Yaya, ba a taɓawa."

"Ni ma ta gwamnati ce. Miƙo."

Ta ɗauko kayan aikinta ta buɗe murfin baya. Kowace mai saiti a ɗakinsu tana da 'yar alamar da take zanawa da tsinin allura a cikin murfi, tata kamar sawun kaza ce. Ga ta nan kuwa. Ta ɗago ta dube shi, shi kuma ya duƙufa yana yankan burodi kamar bai taɓa ganin burodi ba.

"Aikin ofis, ko?"

"Aikin ofis."

"Ofishin naku yana da nisa da ƙasa?"

Ya fashe da dariya har ya ƙware. "Hawa na biyu ne kawai, Yaya."

Ba ta ƙara tambaya ba, don ta san an rantsar da shi, kamar yadda aka rantsar da ita. Ta ɗauki allura ta zana harafin farko na sunansa kusa da sawun kazar, ta rufe, ta ɗaura masa da kanta. "Don kada abokan naka su musanya maka," in ji ta. Da ya tafi ta tsaya a taga tana kallonsa yana tsallake kududdufi yana fito, ƙirjinta cike da alfahari da wani abu mai kama da tsoro.

Agogunan ɗakinsu sukan dawo bayan gwaji. Wasu an daskarar da su, wasu an gasa, wasu an jijjiga har allurarsu ta zube. Wata safiya a ƙarshen kaka Savely Kuzmich ya ajiye mata faranti da agoguna a jere. Na ƙarshen a naɗe yake cikin auduga. Gilashinsa ya yi hazo daga ciki. Madaurin kuma ba kwance shi aka yi ba, da wuƙa aka yanke shi.

Ta buɗe murfin. Ruwa ya ɗigo kan farar takardar teburinta, ga farin gishiri ya bushe a gefe, tsatsa ta fara kama ƙarafan. Ta juya murfin ta kai shi ƙarƙashin gilashin idonta, ta ga sawun kaza, ta ga harafin.

Ta ajiye murfin. Can ta tashi ta sami shugaban.

"Savely Kuzmich, mai wannan agogon fa?"

"A ɗakin nan agogo ba shi da mai shi, Taisiya Yefimovna. A wanke, a gyara, a mayar." Ya dubi fuskarta. "Lafiya kuwa?"

"Kaina ke ciwo."

Ba ta da bakin magana. Idan ta ce na ƙaninta ne, za a tambaye ta yadda aka yi ta sani, kuma idan yana da rai, maganar a kansa za ta ƙare, a ce ya fasa sirri a cire shi. Don haka ta koma ta zauna ta warware agogon ƙarfe-ƙarfe. Ta wanke gishirin, ta kankare tsatsar, ta canza abin da ya ci, tana gaya wa kanta cewa mai agogo yana asibiti yana tsokanar masu jinya. Agogon ya tashi, yana kuma kama lokaci daidai. Sai dai bugunsa ya sauya, ya sami wani ɗan ɗingishi da na'ura ba ta gani, ita kaɗai ke ji. Aka sa masa sabon madauri, aka haɗa shi da sauran a akwati aka fita da su.

Ranar Lahadi ta dafa miya da nama mai yawa, ta ajiye kwanonsa. Bai zo ba. Lahadin da ta biyo baya ma haka. Matvei ya ce, "Ƙila yaron ya sami budurwa ne, ki bar shi ya sha iska." Ta ce, "Ƙila."

Dusar ƙanƙara ta riga ta rufe gari kafin hafsoshi biyu su ƙwanƙwasa ƙofa, hulunansu a hannu. Suka ce haɗarin jirgi ne, a bakin aiki, a kan wani daji. Ta dube su, ta tuna gishirin teku da ta wanke da hannunta, ta ce su zauna su sha shayi. Akwatin ƙarfe aka kawo a liƙe, ba a bari an buɗe ba. A kan kabarin aka rubuta matuƙin jirgi, shi ke nan.

Tun daga nan ba ta ƙara zama daidai ba. Duk lokacin da talabijin ya nuno 'yan sama jannati suna ɗaga hannu kafin su shiga kumbo, sai ta sauko daga kujera ta durƙusa dab da gilashin tana leƙen hannuwansu. Lida takan ce, "Mama, ki matsa mana, kin tare mu." Hoton ba ya fita sosai, agogunan kuma duk iri ɗaya ne. Ba ta taɓa sanin ko ɗaya daga cikinsu shi ne ba. Amma in aka ce kumbo ya tashi, abinci ba ya shiga cikinta sai an ce ya sauka.

Sai kuma ƙarar. Takan ji ta a layin sayen burodi, ko a matakalar gida, ko in dusar ƙanƙara ta sa gari ya yi tsit: bugun agogo mai ɗingishi, dab da kafaɗarta ta hagu, kamar wani na tsaye a bayanta yana jira ta gama. Ta juya, ba kowa. Matvei ya sauke agogon bango ya kai wa maƙwabta, ba ta daina ji ba. Likita ya ce ciwon masu sana'arta ne, ya ba ta ƙwayoyi. Daga baya ta roƙa aka sauko da ita ƙasa, wurin masu haɗa agogon tashi daga barci, inda hayaniya ba ta barin mutum ya ji komai. A nan ta ƙarasa aikinta.

Shekaru suka shuɗe, ƙasar ta sauya, masana'antar ta tsuke. Matvei ya rasu, Lida ta yi aure a Perm. Da aka fara tone-tonen abubuwan da aka ɓoye, jaridu suka riƙa buga sunayen waɗanda aka horar don shiga kumbo amma ba su tashi ba. Takan saya ta karanta a tsaye a bakin shagon mai jarida. Ba ta taɓa cin karo da sunan Gleb ba.

Tana cikin akurkin shagonta wata rana da hantsi, wani tsoho mai bandeji a ido ɗaya ya tsaya gefe har layi ya ƙare, sannan ya sunkuyo ta taga.

"Ke ce yayar Gleb Rudakov?"

Hantsakin da ke hannunta ya faɗi. Ta manta rabon da ta ji sunan a bakin wani.

Ya ce sunansa Nikanor Ilyich, daga kudu ya zo aikin ido. Ya je ƙofar tsohuwar masana'antar yana tambaya, aka haɗa shi da Klava, ita ta kwatanta masa nan. A da shi ne mai tuƙa ɗaya daga cikin jiragen ruwa na ceto a tekun Bahar Aswad, inda ake koya wa samarin 'yan sama jannati dira cikin teku da lema.

"Ranar iska ce ta juya," in ji shi. "Ta kwashe shi ta kai shi can nesa da mu. Ruwan kuwa, baiwar Allah, sanyinsa ba a magana. Kafin mu gano shi an daɗe, igiyoyin lemar sun nannaɗe shi. Amma da ransa muka ciro shi. Ni na yanke madaurin agogon, hannun ya kumbura, likita na neman jijiya."

Taisiya ta riƙe bakin teburin. "Ya yi magana?"

"Ya yi mana! Haƙoransa na kaɗawa, ya kalli agogon a hannuna ya ga ruwa a ciki, sai ya ce, ‘Shi ke nan, Yaya za ta kashe ni.’ Duk muka yi dariya. Ya ce a masana'antar agogo kike, kin fi kwamandansu faɗa."

"Ya ji tsoro?"

"Na rantse miki ban ga tsoro ba. Haushi na gani. Yana ta mitar cewa yanzu za su mayar da shi ƙarshen layin masu jiran shiga kumbo. Ya ce a ba shi shayi, a zuba sukari da yawa. Daga nan ya yi shiru, muka zaci barci ya yi. Kafin mu kai gaɓa ya cika."

"An ba shi shayin?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ba mu da shi a jirgin. Bargo ɗaya ne ma, shi ma ya jiƙe."

Ta ja ƙyauren tagar ta kulle shagon da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tafi da shi gida ta ba shi abinci, ta sa ya maimaita mata labarin tun daga farko, sannan ta raka shi tasha. A kan hanyar dawowa ne kukan ya zo mata, a cikin bas, mutane na kawar da kai.

Da bazara ta hau jirgin ƙasa ta tafi kudu, garin da ya kwatanta mata. Ba ta taɓa ganin teku ba sai ranar. Ta same shi kwance lumui, shuɗi, yara na wanka, mata na sayar da dafaffiyar masara. Ta zauna kan duwatsu da takalmanta da jakarta a cinya har rana ta karkata. Ta gaya wa Lida daga baya cewa abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kyan wurin. Washegari ta juyo.

Ba ta daɗe ba a shagon bayan haka, ido ya gaza, kunne ya toshe. Lida ta zo ta tafi da ita Perm. A hunturunta na ƙarshe ba ta gane jikokinta sosai, amma ba ta da rigima, sai abu guda. Da an buɗe ƙofa iska ta shigo, sai ta yunƙura tana yaye bargon da aka lulluɓa mata tana miƙawa gefen gado.

"Ku ƙara masa," takan ce. "Ba ku ganin yana rawar sanyi?"

Lida ta gaji da cewa ba kowa a wurin, sai ta riƙa karɓa tana shimfiɗawa a kan kujera, ta kawo wa uwar wani. Ta rasu kafin ƙanƙarar kogi ta narke, aka binne ta a can Perm, don ba mai ƙarfin kai ta Mosko.