Ranar da Lasifikar Kawu Malam ta Saki Kiɗan Biki

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar walimar saukar Alƙur'ani a makarantar Kawu Malam da ke Kurfi ba. Kuma wautata ce ta jawo, ni da son banza.

Lokacin ina ƙaramar sakandare a Dutsin-Ma. Kawu Malam yayan mahaifiyata ne, mutumin da in ya yi gyaran murya har awakin gidan sai sun nutsu. Ana gab da walimar ya zo gidanmu ya miƙo mini wayarsa.

"Kai yaro, an ce ka san kan abin nan. Sauko mani da karatu mai daɗi da za a sa a lasifika kafin baƙi su taru. Amma inda ake saye za ka sayo, kada ka ci haƙƙin mai karatu."

Na sami shaguna biyu a intanet. Ɗaya ana biya, yana barinka ka ɗan saurara kafin ka saya, kuma karatu gefensa daban, waƙa daban. Ɗayan kuwa abokina mai cajin waya a bakin kasuwa ne ya nuna mini: kyauta, ga waƙoƙin biki sababbi fil. Nan na faɗa. Na sauko da karatun, na ɗora waƙar rawa a kai da niyyar in tura wa abokina in goge. Ban goge ba.

Ranar walima ina zaune can baya ina hangen tukunyar waina, karatu yana tashi a lasifika, sai abin ya faɗo mini a rai: manhajar shagon nan ba ta tsayawa. Da ta gama wannan sai ta shiga na gaba. Na gaban kuwa na san shi.

Wayar tana kan darduma gaban Kawu, malamai sun kewaye ta, ga iyayen ɗalibai har daga Birchi. Na fara rarrafe tsakanin tabarmi, wani dattijo ya kama mini riga. "Zauna, ɗan nan, ana karatu kana yawo?" Na zauna. Ban taɓa roƙon Allah janareta ya mutu ba sai ranar, shi kuwa sai ƙara lafiya yake. Gumi ya jiƙa ni kamar an tsamo ni daga dam. Ba bulala nake tsoro ba, kunyar da zan jawo wa Kawu gaban mutanensa ce ke kashe ni.

Karatu ya ƙare. Shiru kaɗan. Sai ganga ta ɓarke, wata murya ta fara kiran amarya ta fito fili!

Yara suka tuntsire. Wata tsohuwa a cikin gida, da ba ta san abin da ke faruwa ba, ta rangaɗa guɗa. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya zare igiyar lasifika daga jikin wayar, ya dubi taro har idonsa ya sauka kaina.

"Ɗan ƙanwata, taso. Tun da wayar ta gaji da karatu, zo ka ɗora daga inda ta tsaya."

Ni da haddata ke da ramuka kamar hanyar Kuki da damina! Na karɓi makirfo. Duk inda na kakare, Kawu ya ja ni a hankali, Kurfi gaba ɗaya tana ji, har na kai ƙarshen surar da ke biye. Sannan ya ce wa jama'a, "Ku yi haƙuri, yaro ne." Nan maganar ta mutu.

Tun ranar na koyi duba shago kafin in sauko da komai, kuma ba na zuba kwaɗayina a wayar wani. Kawu bai taɓa dukana a kan abin ba. Hutun nan gaba ɗaya a makarantarsa na yi shi, ni da allo, babu waya.