Ƙwayar da Ta Ƙi Yin Shiru

Ban taɓa mantawa da ranar da Dakta Hauwa ta kira ni ɗakin bincikenta a Agege ba, a daminar 2001. Likitar ƙwaƙwalwa ce, ni kuwa mai haɗa kwamfuta. An aiko mata da manhajar da ke kwaikwayon ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa, aikina in girka ta, in gwada, in sa hannu cewa tana aiki daidai. Sai da sa hannun nan za a karɓi rahotonta.

Gwajin ba wuya. Ka ba ƙwayar sigina, layi ya riƙa tsalle a allo. Ka janye, ya kwanta. Mun janye, layin bai kwanta ba. Ya yi ta harbawa, yana raguwa kaɗan-kaɗan, bayan minti goma sha ɗaya ya miƙe ɗoɗar. Sau uku muka gwada, kuma a daidai wannan mintin yake miƙewa.

Dakta ta ce wataƙila sabon abu ta gano, in sa hannu kawai. Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Baba, gobe fa zan miƙa." Ta ja kujerarta nesa da allon, duk da haka.

Kwamfutar tokumbo ce daga Ikeja, wato ta hannu da aka shigo da ita daga ƙasar waje. A Liyon da Khartum, inda na yi aiki, ba a taɓa tsohuwar na'ura sai an goge faifanta. Mu a nan ba ma gogewa, muna ganin manhajojin da ta zo da su garaɓasa ce. Na bi faifan, na tarar da wani tsohon fayil da manhajarmu ke karantawa da kanta, a zaton gwajinmu ne. A kansa akwai rubutu da Faransanci. Na karanta mata: awon ƙwaƙwalwar wani majinyaci ne a wani asibiti, babu suna, sai lambar gado. Layin ƙarshe ya ce an cire masa na'urar numfashi, iyalinsa suna wajen.

Ashe sau uku muka zauna muna kallon mutuwar bawan Allahn nan. Dakta ta rufe fuska da gyalenta. Can ta ce in goge. Na goge, muka sake gwaji, layin ya kwanta yadda ya kamata, sannan na sa hannu.

Ku matasa, tun daga ranar ba na girka komai a tsohuwar na'ura sai na duba abin da mutanen da suka riƙe ta suka bari a ciki.