Waken Dakta a Gonata

Wata rana, Laraba, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Shekarar korona ce, lokacin kulle.

Gonata tana jikin katangar jami'ar gwamnati da ke garinmu. A bayan katangar akwai gonar gwajinsu. Shekarar nan ba wanda ya taɓa ta. An rufe makaranta, an sallami leburori, ciyawa ta kai gwiwa.

Ina cikin noman gero sai na hango wata mata da takunkumi a fuska. Tana bin gefen gonata, tana dunƙula ƙasa a hannu tana dubawa.

Ba na son a shigar mini gona ba sallama.

Na ce, "Ke! Me kike yi a nan?"

Ta ce, "Yi haƙuri, Baba. Bincike nake yi."

Ni a sanina, in an ce bincike, to an yi sata. Na ce, "Me ya ɓace?"

Ta ce, "Bai ɓace ba tukuna. Amma in damunar nan ta wuce ban shuka ba, ya ɓace."

Sunanta Dakta Gambo, malama ce a jami'ar.

Ta kwance bakin jakarta ta nuna mini. Wake ne, ƙulli-ƙulli, kowanne daban. Ta ce shekara da shekaru tana haɗa iri da iri, tana neman waken da ciyawar wuta-wuta ba za ta kashe ba. Saura gwajin ƙarshe cuta ta zo.

An sa wa gonar gwaji kwaɗo. Ɗakin sanyin da ake ajiye iri ba wuta. Ƙwari sun fara huda waken.

Na ce ina sauran malaman.

Ta ce suna gida, suna rubutu ba dare ba rana, har sun fi da. Amma kusan kowa a kan korona yake yi, don shi ake nema, shi ake bugawa. Har wani abokin aikinta mai nazarin kiwon kifi ya koma can. Masu aikin da sai an fita fili kuwa, nasu ya tsaya cak.

Ba ta zagi kowa ba. Ta ce cutar tana kashe mutane, dole a dube ta.

Ni dai na san wuta-wuta. Ta cinye mini wake bara, ta cinye bara waccan. Ba a taɓa faɗin haka a rediyo ba.

Ta ce fili kaɗan take roƙo. Amma da sharaɗi: kowane ƙulli da kunyarsa, ba a gauraya, kuma ba a ci.

Na ce, "Wake a gonata, a ce kar na ci?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Wurin da ƙasarsa ta yi mata shi ne inda na ware wa gyaɗa. Irin gyaɗar ma yana ɗaki. Na ce ta tafi, zan duba.

Washegari da sassafe na ɗaura wa shanu garma, na huɗe wurin gyaɗar. Da ta iso na miƙa mata sungumi, na ce, "'Yata, ke za ki nuna layi. Ni ban san wanne ne wanne ba."

Darasi: In babbar masifa ta zo, kowa can yake kallo, kuma ba laifi ba ne. Amma yunwa ba ta shiga kulle. Akwai masu aikin da ba a ambaton su, kuma in aikin ya tsaya, sai cuta ta tafi za a ji zafinsa. In ɗayansu ya zo ƙofarka, ka taimaka da abin da kake da shi.

Wanda ya san wani malami da bai ajiye aikinsa ba a shekarar nan, ya tura masa wannan. Sauran ku ma ku yaɗa.